Makonnin da na cinye wa Auta

Duk gidan da ke da mai sikila ya san ciwon da ke tashi tsakar dare, musamman idan hunturu ya kama. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ɓarnar da cutar ke yi a ɓoye. Jinin da ya lanƙwashe yakan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, dunƙulen nan da ke juyawa cikin kwarmin ƙugu. Idan jini ya yanke masa sai ƙashin ya mutu, ya riƙa rugujewa a hankali, mai shi ya fara ɗingishi, daga nan zaman tahiya ya gagara, daga baya ma kwanciya ta zama aiki. Shi ya sa a Turai yawanci tsofaffi ake canza wa ƙugu, a nan kuwa sai ka tarar da 'yan shekara ashirin da 'yan kai a layin likitan ƙashi. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara.

Autarmu tana cikinsu. Tana da shekara 26 lokacin da hoto ya nuna kan ƙashin cinyarta na hagu ya baje, likita ya ce ba sauran dabara sai a cire a sa na ƙarfe. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne babba a gida, maganata ce ake bi, kuma na saba da hakan fiye da yadda ya kamata. Da aka zauna shawara a falon Hajiya, Kawu ya ce a kai ta Asibitin Ƙashi na Dala, tun 1959 yake aikin ƙashi, ga shi kusa, in wani abu ya taso likitan da ya yanka yana nan. Na ce Masar za mu. Na kawo hujjar kayan aiki da tsafta da sauri, kuma ba duka ƙarya ba ce. Amma mu da muka tashi a Nassarawa GRA mun san yadda ake furta “an fita da ita waje” a wurin ɗaurin aure, mun san yadda masu ji ke gyaɗa kai. Ina so a faɗi haka a kan ƙanwata, a kuma ce ni na kai ta. Muka sayar da filin da Baba ya bari, muka hau jirgin Alƙahira a farkon Disambar 2022.

Aiki ya yi kyau, ba ni da abin da zan ɗora wa mutanen can. Washegari suka tashe ta tsaye da sanduna, ta yi taku kaɗan tana kuka tana dariya. Ranar sallama suka ba ni takarda shafi biyu da Turanci, suka ja layi a ƙarƙashin wani sashe: idan ɗinki ya ci gaba da fitar da ruwa, ko ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, a ga likitan ƙashi a ranar. Na karanta, na gane, na cusa ta cikin ambulan ɗin fasfo.

Mun dawo gida, 'yan sannu da zuwa suka cika falo, ana ta barka da arziki. Ɗinkin doguwar tsaga ce a gefen cinya, kuma duk ta kame in ban da wani ɗan wuri can ƙasa da bai kai faɗin farce ba. Kullum da safe audugar da ke kansa sai a same ta a jiƙe. Da farko ruwan ja-ja ne, tsararo. Bayan 'yan kwanaki ya koma ruwan ɗorawa, ya ɗan yi kauri, ya fara ratsa bandeji yana barin tabo a zanen gado. Hajiya ce ke wanke zanen da hannunta, ba ta yarda 'yar aiki ta gani. Gefen wurin ya yi ɗumi, Auta kuma ta ce tana jin wani ciwo can ciki wanda bai yi kama da na yanka ba.

Akwai wata nas a layinmu da muka ɗauka tana zuwa wankin ciwon. Ta yi kwana biyu tana canza auduga ba ta ce komai ba, a na uku ta tare ni a bakin mota.

“Alhaji, wannan ruwan ban so shi ba. Akwai ƙarfe a ciki. Ku kai ta likitan ƙashi ya gani, yau ko gobe.”

Na ce mata to, za a duba. Da yamma na tsaya a kemis, na kwatanta wa yaron shagon ciwon, ya miƙo mini sifro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana biyar, ya ce wannan ai yana busar da kowane irin miki. Bai tambaye ni takardar likita ba, ni ma ban ga abin tambaya ba, haka muka saba saye kamar yadda kowa ke saye. Ruwan kuwa ya ragu, har aka kwana biyu auduga a bushe. Na shiga ɗakin Hajiya ina cewa ai ga shi nan, da mun bi ta nas da mun tayar da hankalinmu a banza. Magani ya ƙare, ruwa ya dawo. Na sake sayowa. Da ya sake dawowa na canza zuwa Ampiclox, daga baya wani abokina ya ce allura ta fi kafso ƙarfi, aka yi mata allurai a gida. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da dare, na ce maleriya ce, aka sha maganinta. Da ciwon ya tsananta na ce sikilarta ce ta motsa saboda sanyi, a ba ta ruwa da yawa a lulluɓe ta. Kowace alama ta fito ina da sunan da zan laƙa mata.

Daga ƙofar gidanmu zuwa Asibitin Nassarawa, wato na Muhammad Abdullahi Wase, ko a ƙafa mutum zai je. Dala kuwa in hanya ta yi kyau ba a rabin awa. Na daɗe ina gaya wa mutane cewa ƙarancin takardun kuɗi ne ya riƙe mu, don a daidai lokacin ne, Janairu da Fabrairun 2023, aka yi canjin naira, mutane na kwana a layin cirar kuɗi. Uzuri ne mai kyau domin kowa ya sha wahalar, ba mai musa maka. Gaskiyar ita ce ina da kuɗi a asusu, kuma asibitoci na karɓar tiransifa. Na kuma riƙe wata magana da na tsinta a majalisa, wai likitocin gida ba sa son taɓa aikin da aka yi a waje, ban taɓa gwada ko ɗaya na ga ya ƙi ba. Abin da nake gudu tambaya ce guda, “A ina aka yi aikin?”, da kuma kallon da Kawu zai yi mini ba tare da ya ce uffan ba. In na yarda ƙarfen ya kamu da cuta, a ganina na yarda filin Baba ya tafi a banza.

Auta ce da kanta ta karya abin. Ana saura kwanaki zaɓen 25 ga Fabrairu ta kasa taka ƙafar gaba ɗaya, ta kira Kawu a waya ba tare da ta gaya mini ba. Ya zo da motarsa da sassafe, bai ko zauna ba, ya ce a fito da ita.

Likitan da ya gan ta dattijo ne mai magana a hankali. Ya tambayi inda aka yi aikin, na faɗa, ya rubuta, ya wuce tambaya ta gaba, ko ɗaga kai bai yi ba. Tambayar da na yi wata biyu ina gudu ke nan. Da ya ɗaga bandejin, ɗan wurin nan ya zama rami mai tattararren baki, ya danna gefen cinyar mugunya ta ɓullo. Ya ce yaushe ruwan ya fara, na faɗa. Ya ce ta sha wani magani? Na ce ɗan kafso ne kawai, sau ɗaya ko biyu. Sai Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da baƙar leda, ta zazzage a kan tebur: fankon katin magani birjik, kwalaben allura, har da guntayen takardun da yaron kemis ke rubuta safe da yamma. Ashe duk tana tarawa.

“Likita, ga su nan duka,” in ji ta. “Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ware na sifro gefe guda, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce in jawo kujera.

Abin da ya bayyana mini, da abin da na bi na karanta daga baya a dararen jinya, ga shi. Naman jiki yana da jini, jini kuma yana kawo sojojin jiki da magani duk inda ƙwayar cuta ta shiga. Ƙarfe da roba ba su da jini. Ƙwayar cuta in ta samu ta manne a kansu sai ta fara fitar da wani yauƙi tana lulluɓe kanta, kamar gansakukar da ke kama cikin randa: ranar farko ɗauraya ta isa, in an bar ta ta kwana biyu sai an kankare. A cikin wannan yauƙi ƙwayoyin sukan lafa, su rage ci da hayayyafa, maganin da zai kashe su a cikin jini sai ya wuce ta kansu. Tun 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka nuna cewa zaren ɗinki guda a cikin fata yana rage adadin ƙwayoyin da ake buƙata su haddasa ƙurji har ninki dubu goma. To ina ga ƙarfe mai tsawon tafin hannu da aka soke cikin ɓargo? Ga mai sikila kuma abin ya ninku, domin saifarsa takan lalace tun yana yaro, garkuwar jikinsa ba ta kai ta kowa ba.

Saboda haka cutar da ta kama sabon ƙugu aikin tiyata ce, kuma tana da wa'adi. Idan an zo da wuri, ƙarfen na nan daram a ƙashi, ana komawa ɗakin tiyata a buɗe ɗinkin har zuwa gaɓar. A ɗebi nama daga wurare daban-daban, galibi biyar, kowanne da tsaftataccen kayan aikinsa, a aika ɗakin gwaji don a san wace ƙwaya ce da maganin da take ji. Goga auduga a bakin miki ba ya wadatarwa, don ƙwayoyin da ke zaune a fata za su ruɗar da sakamakon. Sai a yanke duk naman da ya mutu ko ya gurɓata ba tare da tausayi ba, a fitar da gaɓar daga mazauninta, a cire sassan da ke kwancuwa, wato ƙwallon da ke kan sandar ƙarfen da robar da ke cikin kwarmin, domin ta haka ne hannu zai kai bayan gaɓar inda datti ke maƙalewa. A goge ƙarfen da ya rage, a wanke da ruwan gishiri lita shida zuwa tara, a canza safar hannu da kayan aiki, a sa sabon ƙwallo da sabuwar roba, a rufe. Sandar da ke cikin cinya da kwanon da ke ƙugu ba a taɓa su. Daga nan magani ta jijiya, sannan na baki, jimilla kimanin wata uku. Wani babban gwaji da aka yi a Faransa, aka buga a 2021, ya nuna mako 12 ya fi mako 6 hana cutar dawowa.

Wa'adin fa? Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka ta fitar a 2013 ta ce a yi wannan wankin cikin kimanin kwana 30 da sa ƙarfen, ko kuma kafin alamun su cika mako uku, da sharaɗin ƙarfen bai yi sako-sako ba, kuma miki bai huda hanya daga gaɓa zuwa fata ba. Wasu cibiyoyin sukan ɗan ƙara lokacin, amma duk sun yarda kowane mako da ya wuce yana rage sa'a. Ko an yi a kan kari ba tabbas ba ne, a yawancin rahotanni mutum shida zuwa takwas cikin goma ne ke tsira da ƙugunsu. Na so in fake da wannan, na ce wa likita ashe ko mun zo da wuri zai iya ƙi. Ya ce haka ne, Malam, amma da ka zo mini ranar da nas ta faɗa maka, da tiyata ɗaya muke magana, yanzu kuwa biyu, manya.

Sannan ya ɗauki katin sifro ya ce wannan ya fi ba shi takaici. Ɓarna biyu na yi da shi. Ta farko, maganin da ake sha kafin a ɗebi samfur yana kwantar da ƙwayoyin yadda ba za su tsiro a ɗakin gwaji ba, likita ya rasa wa yake yaƙa. Dole aka dakatar da komai har mako biyu, ana sa mata ido, kafin a zuƙo ruwan gaɓar da allura. Ta biyu ta fi muni. Ƙwayar da ta fi kama irin wannan aiki ita ce wadda likitoci ke kira Staphylococcus, kuma cikin magunguna kaɗan da ke ratsa yauƙinta akwai rifampicin, maganin nan na tarin fuka da ke mayar da fitsari ja. Ba a ba da shi shi kaɗai, don ƙwayar takan saba da shi cikin kwanaki, sai an haɗa shi da wani, kuma abokin tafiyarsa da aka fi yarda da shi a cikin na baki dangin sifro ne. Wani likita a Suwizalan, Werner Zimmerli, ya tabbatar da amfanin wannan haɗi tun 1998. Ni kuwa na yi ta ba ta sifro tsura, kwana biyar a tsaya, kwana biyar a tsaya. Da sakamako ya fito, ƙwayar da ke jikin Auta ta daina jin sa.

Mutumin da ya kafa irin wannan tiyata ta zamani, John Charnley, a asibitin Wrightington da ke Ingila a farkon shekarun 1960, ya ga kusan mutum ɗaya cikin goma na marasa lafiyarsa na farko sun kamu da cuta. Har ɗaki na musamman ya ƙera mai tace iska, da riguna masu rufe likita ruf, don ya rage ta. Yau a asibitoci masu kyau abin bai wuce mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, amma babu inda ya zama sifili, ko a Alƙahira ko a Landan ko a Kano. Da na san wannan tun farko, watakila da ban ɗauki jiƙaƙƙiyar auduga a matsayin tuhuma a kaina ba. Ko da yake wannan ma wani uzurin ne, tunda takardar da aka ja wa layi tana cikin durowata.

A nan Kano aka yi mata aikin. Sai da aka yi mata ƙarin jini kafin a shiga, kamar yadda ake yi wa masu sikila, 'yan'uwa da abokai suka yi layi suna bayarwa. Aka cire ƙarfen duka, wanda muka sayar da fili muka saya. Ƙashi ya riga ya fara kama wani sashe na sandar, ga ƙashin mai sikila da tauri a wani wuri da gautsi a wani, fitar da ita sai da ya tafi da ɗan ƙashi. Aka kankare ɓargon, aka cusa wani dunƙulen siminti na likita da aka kwaɓa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya riƙe wurin yana sakin magani a hankali. Mako shida tana karɓar allura ta jijiya, hannuwanta duk suka yi tabo, har aka rasa inda za a soka. Azumin shekarar a gadon asibiti ya same ta, Sallah kuma a keken marasa lafiya. Bayan an tsayar da magani aka jira, ana gwada jini ana ganin ko alamun kumburi sun sauka sun zauna, sannan aka sake shiga aka sa sabon ƙugu. Kuɗin aiki na biyu ya faɗo bayan an saki naira ta faɗi a Yunin 2023, kayan kuma daga waje ake shigo da su. Motata ta tafi, Kawu ya cika sauran bai taɓa tayar da maganar Dala ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Neman gafarar ya fi komai yi mini wuya, na yi ta ɗagawa kamar yadda na ɗaga zuwa asibiti. Wata rana da la'asar muna ɗakin jinya mu biyu, na ce mata Auta, ni na jawo miki wannan, ki yafe mini. Na fara jero bayani, ta katse ni.

“Yaya, na yafe. Amma ba maganin ne ya fi ƙona mini rai ba. Sau nawa na ce maka ciwon nan daban yake? Tun ina yarinya nake da sikila, na san ciwonta. Kai ka ce mini sikila ce.”

Ban da amsa, kuma ba ta jira amsa ba, ta ce in miƙo mata ruwa.

Nas ɗin layinmu ma na je har gida na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, amma ta ƙara da cewa ita ma ta yi kuskure da ta tare ni a bakin mota, da Hajiya ta gaya wa kai tsaye. Tun daga lokacin fayil ɗin Auta da katin asibitinta suna hannun ita Autar, ita ke magana da likita, ni nawa in kai ta in jira a waje sai an kira ni.

Yanzu tana tafiya ba sanda. Ƙafar hagun ta ɗan gaza ta dama, wani mai gyaran takalmi ne ke ƙara mata tsayin dunduniya a duk takalmin da ta saya. Likita ya gargaɗe ta cewa duk zazzaɓin da ya zo da ciwon ƙugu, ko ƙurji, ko haƙorin da ya ruɓe, kada ta sha komai sai an duba, domin ƙwayar cuta na iya biyo jini ta sauka a kan ƙarfe ko bayan shekaru. Ya kuma gaya mana abin da ke gaba ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kimanin ƙugu 58 cikin 100 ne ke kai shekara 25, kuma na matasa ya fi saurin cinyewa don sun fi motsi. Auta ba ta kai talatin ba lokacin da aka sa mata wannan. In Allah ya ja kwana za a sake buɗe cinyar nan wata rana, kuma likitan da zai yi aikin zai tarar da ƙashin da ya rage bai kai yadda ya kamata ya tarar ba.